Daga Sikima zuwa Aji: Abin da Kwamfailar Layin Umarni ke Yi wa Saƙon Kuɗi na ISO 20022 da Abin da Take Bari

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake samar da azuzuwan manhaja kai tsaye daga sikimar XML ta hanyar kwamfailar da ake ba wa umarni a rubuce, irin su xjc ta harshen Java da xsd.exe ta Microsoft. Ta ɗauki ƙaurar da cibiyoyin kuɗi na Najeriya suka yi zuwa tsarin saƙonni na ISO 20022 a matsayin fagen nazari, musamman saƙon tura kuɗi mai lamba pacs.008. Matsayar maƙalar ita ce kwamfaila tana kwafo siffar saƙo daidai, amma tana zubar da galibin sharuɗɗansa a hanya, kuma ba ta san komai ba game da ƙa'idojin gida irin su lambar asusu ta NUBAN. Wanda ya ɗauka cewa samar da aji shi ne bin ƙa'ida, zai gane kurensa ranar da saƙonsa ya dawo masa.

Gabatarwa

A ƙarshen watan Agustan 2025 Babban Bankin Najeriya, daga hedikwatarsa da ke titin Abubakar Tafawa Balewa a tsakiyar Abuja, ya aika takardar umarni ga bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna da kamfanonin tura kuɗi ta waya da masu samar da na'urorin POS. Abu biyu takardar ta ƙunsa. Na farko shi ne a ɗaure kowace na'urar POS da wurin da aka yi mata rajista, kuma wannan ne jaridu suka fi yayatawa, tun da ya shafi kowane ɗan POS da ke zaune ƙarƙashin lema a Kasuwar Wuse. Na biyu bai ja hankalin jama'a sosai ba, amma shi ya hana injiniyoyin manhaja barci: duk saƙonnin biyan kuɗi su koma tsarin ISO 20022 nan da ranar 31 ga Oktoba.

Ba Najeriya kaɗai ke cikin wannan gudu ba. Ƙungiyar SWIFT, wadda bankunan duniya ke aika saƙonni ta cikinta, ta buɗe lokacin tafiya da tsohon tsarin saƙonni da sabo tare a watan Maris na 2023, ta kuma rufe shi ranar 22 ga Nuwamban 2025. Tsarin CHAPS na Ingila ya ƙaura a Yunin 2023, Fedwire na Amurka ya biyo baya a Yulin 2025. A gida kuwa, kamfanin NIBSS, wanda Babban Banki da bankunan ƙasar suka mallaka, ya ƙaddamar da sabon dandalinsa na biyan kuɗi a Yunin 2025 bisa wannan tsari, domin ya gaji tsohon dandalin NIP da ake amfani da shi tun 2011.

Ga injiniya, ma'anar duk wannan ɗaya ce. Za a miƙa masa fayiloli masu ƙarewa da .xsd, a ce masa manhajar banki ta iya karanta da rubuta saƙonnin da suka bayyana.

Sikima da aji

Hukumar W3C ta amince da XML a watan Fabrairun 1998, ta biyo da ƙa'idar sikima a watan Mayun 2001. XML hanya ce ta rubuta bayanai a cikin alamomi masu buɗewa da rufewa, ita kuwa sikima takarda ce da ke faɗin waɗanne alamomi aka yarda da su, a wane jeri, sau nawa, kuma me za a iya zubawa a cikinsu. ISO 20022, wanda aka fara wallafawa a 2004, ya ba kowane saƙo tasa sikimar. Sunan saƙon ma bayani ne: a pacs.008.001.08, kashi na farko yana nuna fannin biya tsakanin banki da banki, 008 shi ne tura kuɗin abokin ciniki, lambar ƙarshe kuma ita ce bugu na takwas. Shi ne magajin tsohon saƙon MT103, kamar yadda pacs.009 ya gaji MT202, camt.053 kuma ya karɓi aikin bayanin asusu.

Manhajar banki ba ta tunani da alamomi. Tana tunani da aji, wato samfurin da ke faɗin gurabe da ayyukan wani abu, kamar mai biya ko adadin kuɗi. Injiniya yana iya zama ya rubuta waɗannan azuzuwa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, yana duban sikima. Aiki ne na makonni, kuma kuskuren harafi ɗaya a suna irin IntrBkSttlmAmt ya isa ya lalata saƙo. Wasu ma sukan bi hanyar da ta fi wannan haɗari, su riƙa liƙa guntayen rubutu har su zama XML. Wannan dabara tana tafiya lafiya har ranar da kuɗi ya fito daga kamfanin da sunansa ya ƙare da "& Sons", irin waɗanda suka cika Kantin Kwari da Kasuwar Dei-Dei. Alamar & tana da ma'ana ta musamman a XML, dole a rubuta ta &amp;, in ba haka ba mai karɓa ya ƙi saƙon baki ɗaya.

Umarni guda

A duniyar Java, mafita ita ce JAXB, wadda bugunta na farko ya fito a 2003, na biyu a 2006. Kwamfailarta ita ce xjc. Injiniya ya buɗe baƙin allon umarni, ya rubuta layi ɗaya:

xjc -d src -p ng.banki.pacs008 pacs.008.001.08.xsd

Harafin d yana nuna inda za a ajiye sakamako, p kuma sunan ƙunshin da azuzuwan za su zauna. Kafin ya kai kofin shayi bakinsa, kwamfaila ta sanar cewa ta karanta sikima, ta sarrafa ta, sannan sunayen fayiloli gommai su gangaro a allo: Document, FIToFICustomerCreditTransferV08, GroupHeader93, CreditTransferTransaction39, PartyIdentification135, PostalAddress24, har zuwa ObjectFactory. A saman kowane fayil akwai gargaɗin cewa duk gyaran da aka yi masa da hannu zai ɓace idan aka sake sarrafa sikimar.

Sauran harsuna ma ba a bar su a baya ba. Masu C# suna da xsd.exe tare da zaɓin /classes. Masu Python suna da xsdata da generateDS. Masu C++ suna da kwamfailar XSD ta kamfanin Code Synthesis, wanda, abin sha'awa, a Afirka ta Kudu yake.

Dole a yaba wa abin da xjc ke yi daidai, domin ba kaɗan ba ne. Adadin kuɗi, wanda sikima ta bayyana da xs:decimal, yana zama BigDecimal, ba irin lambar nan mai yawo da ɗigo ba wadda idan aka tara 0.1 da 0.2 take ba da 0.30000000000000004. A lissafin banki, wannan wutsiya ita ce kobon da ke ɓacewa a rasa inda ya shiga. Gurbin da ke faɗin wanda zai ɗauki cajin tura kuɗi yana zama jerin zaɓi huɗu kacal, DEBT da CRED da SHAR da SLEV, ta yadda manhajar ba za ta haɗu ba ma idan injiniya ya ƙirƙiro na biyar. Lambar asusu tana zama zallar rubutu, saboda haka sifirin da ke gaban lambobin asusu da yawa a Najeriya ba ya faɗuwa. Jerin alamomi yana fita yadda sikima ta tsara, alamar & kuma ana gyara ta ba tare da kowa ya tuna ba.

Abin da ke zubewa a hanya

A nan ne maƙalar ke son ta daɗe. Kwamfaila kamar injin buga bulo take: tana fitar da siffa daidai, tsawo da faɗi, amma ba ruwanta da ko simintin ya isa.

A sikima, lambar shaidar saƙo, MsgId, tana da nau'in Max35Text, wato daga harafi 1 zuwa 35. Sunan mutum, Nm, bai wuce 140 ba. Lambar kuɗin ƙasa manyan haruffa 3 ce. Idan aka buɗe ajin da xjc ta samar, duk waɗannan sun koma String, zallar rubutu marar iyaka. Injiniya yana iya zuba haruffa 60 a MsgId, ko ya rubuta "naira" a inda ya kamata ya sa NGN, manhaja ta haɗu lafiya, ta gudu lafiya, ta fitar da XML mai kyan gani. Babu wanda zai ce uffan sai bankin da ke ɗaya gefen.

Haka abin yake da zaɓi. Sikima ta ce asusu ko dai a bayyana shi da IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, ko da gurbin Othr, ɗaya daga ciki, ba duka ba. Ajin AccountIdentification4Choice yana zuwa da gurabe biyu a buɗe, kuma ba zai hana a cika su duka ko a bar su fayau ba. A ɓangaren karatu kuwa, JAXB mai sauƙin kai ce fiye da kima. Idan ta ci karo da alamar da ba ta sani ba, sai ta tsallake ta shiru. Idan ta ga zaɓin da ba ya cikin jeri, sai ta bar gurbin babu komai. Saƙon da ke ɗauke da alamomin wani bugu na daban yana iya shigowa, a karanta shi ba tare da ƙorafi ba, alhali an watsar da wani sashe nasa.

Maganin wannan layuka kaɗan ne: a loda sikimar da kanta lokacin gudanar da manhaja, a miƙa ta ga mai rubutawa da mai karantawa ta hanyar setSchema, ta yadda kowane saƙo zai bi ta tantancewa kafin ya fita da kuma bayan ya shigo. JAXB ba ta kunna wannan da kanta. Hujjar da ake yawan kawowa ta barinsa a kashe ita ce sauri, kuma gaskiya ne tantancewa tana cin lokaci. Sai dai abin da ya fi tsada shi ne loda sikimar, wanda sau ɗaya ake yi a ajiye, kuma duk lokacin da aka ce an tsimi bai kai na ma'aikacin da zai kwana yana neman dalilin dawowar kuɗin wani ba.

Masu xsd.exe suna da nasu tarkon. Ga duk gurbin kwanan wata ko lamba da ba dole ba ne, kwamfailar tana ƙara masa abokin tafiya mai ƙarewa da Specified. Injiniya ya zuba ranar sasanta biya a IntrBkSttlmDt, ya manta bai mayar da IntrBkSttlmDtSpecified zuwa gaskiya ba, sai ranar ta ƙi fitowa a saƙo, kuma babu gargaɗi.

Akwai ƙananan tuntuɓe da kusan kowa ke yi a makon farko. Kowace sikimar ISO 20022 tana da nata Document, saboda haka wanda ya zuba pacs.008 da pacs.002 a ƙunshi ɗaya zai ga suna ture juna. Kowane saƙo da ƙunshinsa. Ajin Document ba ya ɗauke da shaidar cewa shi ne tushen takarda, sai an naɗe shi ta ObjectFactory kafin ya rubutu. Gurbi mai maimaituwa, kamar jerin ma'amaloli, ba shi da hanyar sanyawa, sai dai a karɓo jerin a ƙara a ciki. Waɗannan suna da ban haushi amma suna ihu, kuma kuskure mai ihu ba shi ne abin tsoro ba.

Abin da sikimar kanta ba ta sani ba

Ko an kunna tantancewa, da sauran aiki, domin sikimar asali ta duniya ce gaba ɗaya, ba ta Najeriya ba.

Najeriya ba ta amfani da IBAN, don haka lambar asusu tana shiga gurbin Othr, wanda ke karɓar haruffa har 34 na kowane iri. Amma NUBAN, da Babban Banki ya fito da ita a 2010, lambobi 10 ne cif: 9 na asusu, ta ƙarshe kuma ta bincike, wadda ake samu ta hanyar ninka lambar banki da ta asusu da 3 da 7 da 3 a jere. Sikima za ta karɓi lamba 9, za ta karɓi 11, za ta karɓi wadda aka juya lambobi biyu a cikinta. Haka ma lambar shaidar mai asusu, BVN, mai lambobi 11 da aka ƙaddamar a Fabrairun 2014, sikimar asali ba ta da gurbi na musamman dominta, sai dai a sa ta a gurbin shaida na gama-gari tare da sunan tsarin da ya ba da ita.

Adadin kuɗi ma haka. Sikima ta yarda da lambobi 18 gaba ɗaya, har 5 a bayan ɗigo. Naira 2 take da su, na kobo. Sefar da ɗan kasuwar Maraɗi ke karɓa ba ta da ko ɗaya. Sharaɗin cewa lambobin bayan ɗigo su dace da kuɗin ƙasar yana nan a takardun bayanin saƙon, a rubuce da kalmomi domin mutum ya karanta, amma sikima ba ta tilasta shi, balle kwamfaila ta gan shi. Lokaci ma yana da irin wannan rami: nau'in asali ya yarda a rubuta sa'a ba tare da faɗin ta wace ƙasa ba ce, yayin da ƙa'idar SWIFT ta ƙetare iyaka, CBPR+, ke neman a faɗa. Ga Abuja, +01:00 ne. Na'urar da aka saita da agogon Girinwic tana iya mayar da biyan da aka yi da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare ya zama na jiya.

Haruffa wani batu ne. XML tana ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba, ajin da aka samar ma haka. Amma CBPR+ ta taƙaita haruffan da za su ƙetare iyaka, kuma masu lanƙwasa ba sa ciki. Dole a sami wuri guda a manhaja inda Ɗanladi zai koma Danladi bisa ƙa'ida ɗaya, ba kowane injiniya da tasa ba, domin wannan sunan ne za a gwada da jerin waɗanda aka sa wa takunkumi a bankin waje.

Adireshi ya fi duka wuya. Tsohon MT103 yana ba da layuka 4 masu haruffa 35 a zuba suna da adireshi yadda aka ga dama. PostalAddress24 kuwa ya raba komai: sunan titi, lambar gida, lambar gidan waya, gari, gunduma, jiha, ƙasa. Wannan ya dace da Maitama da Asokoro, inda kowane fuloti ke da lamba, kowane titi da suna. Amma dubban masu asusu a Nyanya da Karu da Lugbe abin da suka rubuta a fom shi ne bayan masallacin Juma'a, ko kusa da tiransifoma. Kwamfaila ta samar da gurbin StrtNm, sai dai ba za ta raɗa wa lungu suna ba.

Tsufan kayan aiki

Abin da ake mantawa shi ne kwamfailar kanta tana da tarihi. An saka JAXB cikin Java 6 a 2006, mutane suka saba da samun xjc a duk inda aka girka Java. A Satumban 2018 Java 11 ta cire ta. Bayan an miƙa fasahar ga gidauniyar Eclipse, bugu na 3.0 ya canza sunan ƙunshi daga javax.xml.bind zuwa jakarta.xml.bind. Sakamakon haka, azuzuwan da tsohuwar xjc ta samar ba sa aiki da sabon bugun JAXB. Cibiyar da ta adana sikima da umarnin da aka bayar za ta sake danna umarnin ta wuce. Wadda ta samar da azuzuwa sau ɗaya a kwamfutar wani ma'aikaci da ya daɗe da barin aiki, sannan aka yi ta yi musu kwaskwarima da hannu duk da gargaɗin da ke samansu, ita ce za ta sha wahala, domin ba ta san wane layi ne na kwamfaila ba, wane ne na mutum.

Saboda haka maƙalar ke ganin bai kamata a ajiye azuzuwan da aka samar a rumbun rubutun manhaja ba. Abin ajiyewa shi ne sikima, da fayil ɗin sharuɗɗa da ake miƙa wa xjc da zaɓin b, inda ake canza suna ko a mayar da XMLGregorianCalendar zuwa nau'in lokaci na zamani, sai kuma takamaiman bugun kwamfailar. Kayan gini irin su Maven suna iya kiran xjc a duk lokacin da aka haɗa manhaja. Akwai masu ra'ayin a ajiye su domin a ga bambanci idan sikima ta canza, kuma hujjarsu ba banza ba ce, amma ana iya ganin wannan bambanci a sikimar kanta.

Batun tsaro a taƙaice: ajin da aka samar ba ya kare mai karanta XML daga saƙon da aka cusa wa umarnin buɗe fayilolin cikin na'ura. Ana rufe wannan ƙofa ne da hana DTD a saitin mai karantawa, kuma aikin injiniya ne.

Shawarar maƙala

Yawancin sharuɗɗan gida da aka ambata ana iya rubuta su da yaren sikima. Cewa lambar asusu lambobi 10 ce layi ɗaya ne. Cewa kuɗin cikin gida NGN ne, kuma ba ya wuce lambobi 2 a bayan ɗigo, layuka biyu ne. SWIFT ta riga ta nuna hanya da dandalin MyStandards, inda ake sauke ƙa'idar CBPR+ a matsayin sikimar da aka matse, ba takardar karatu kaɗai ba. Duk hukumar da ke tsara saƙonni a Najeriya, ta kuɗi ce ko ta haraji ko ta kwastam, za ta rage wa ɗaruruwan cibiyoyi wahala idan matsattsiyar sikima mai lambar bugu da ranar fara aiki ita ce ta zama hujja, takardar bayani kuma ta zama sharhi a kanta. Babban bankin kasuwanci mai injiniyoyi da yawa zai iya fassara doguwar takarda daidai. Ƙaramin banki a Gwagwalada mai mutum biyu a sashen kwamfuta ya fi buƙatar fayil ɗin da zai miƙa wa kwamfaila da mai tantancewa.

Abin da sikima ba za ta iya ɗauka ba, irin lissafin lambar bincike ta NUBAN da daidaita haruffan suna, a rubuta shi a wani sashe daban da ke zagaye da azuzuwan da aka samar, ba a cikinsu ba, tare da saƙonnin gwaji na gari da na banza da za a riƙa gudanarwa duk lokacin da aka sake sarrafa sikima. Sauran manhajar banki kuma kada ta san da GroupHeader93 kwata-kwata, tun da lambar da ke wutsiyar sunan tana canzawa idan bugu ya canza.

Gwaji na gaba yana da rana. SWIFT ta sanar cewa daga Nuwamban 2026 ba za ta karɓi adireshin da aka zuba a layi barkatai ba. Aƙalla sunan gari da ƙasa su zo a gurabensu, TwnNm da Ctry, ko da sauran bayanin ya zauna a layukan kwatance. Sake samar da azuzuwa domin wannan canji aikin minti kaɗan ne. Tsefe tsofaffin bayanan abokan ciniki domin a ware gari daga kwatance, da gyara fom ɗin buɗe asusu a rassa da manhajojin waya, shi ne zai ci watanni, kuma sashen kula da abokan ciniki ne zai ɗauki mafi yawansa.